Gayyar da Na Kira a Coci

Kafanchan

Jummai, 'yata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙonsa ya kai ki Zariya lafiya, ya tsare motar da kika shiga da direbanta, ya haɗa ki da abokan ɗaki masu tsoron Allah. Idan kina karanta wannan, to kin isa ke nan har kin kwance kayanki. Mun gode masa.

Ba zan ba ki labarin gida ba, yanzu kika bar shi. Abin da ya sa na ɗauki biro, maganar da kika yi ce ranar da muke ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Kika ce ke kam ba ruwanki da wata ƙungiyar ɗalibai, daga aji sai ɗaki, daga ɗaki sai coci. Ban ce komai ba a lokacin. Kin san uwarki, magana takan tsaya mini a wuya, sai na zauna da takarda take yarda ta fito. Kunyar nan taki a wurina kika ɗauko ta, don haka ni ya kamata in gaya miki inda ta kā da ni da inda ta yi mini rana.

A shekarun saba'in ne, lokacin naira tana sabuwa, tsofaffi ba su daina cewa fam da sule ba. Ina aji huɗu a makarantar 'yan mata ta kwana. Ba a jin muryata a aji. Abin da na iya shi ne karanta littattafan soyayya na Turanci, ƙanana masu yagaggen bango, waɗanda ake sayarwa a shimfiɗe kusa da tashar jirgi. Muna karɓar su hannu da hannu a ɗakin kwana. Idan na gama ɗaya sai in yi kwanaki ina yawo a cikinsa. Kukan jirgi ma idan na ji shi daga nesa, sai in ga kamar wani ne yake zuwa nemana da fure a hannu, alhali buhunan citta ne ake kaiwa kudu.

A ƙauyenmu muna da ƙungiyar ɗalibai. Duk ɗan da ya samu shiga sakandare ko kwalejin horon malamai, da hutu sai mu taru a wani ajin firamare. Firamaren tana ƙetaren rafi. Da rani rafin ba ya kai ƙauri, amma da damina sai ya zama wani abu dabam. A daminar da ta wuce kafin wannan labari, ruwa ya ɗauke ƙafar ƙanwata Kande, wato Antinki Kande ta Sabon Tasha, tana aji biyu. Wata mata mai dawowa daga gona ce ta cafko ta a riga. Daga ranar Baba ya yanke magana: idan ruwa ya sake sauka babu gada a rafin nan, Kande ta gama boko, ta zauna ta bi awaki. Kin san kakanki, ba ya faɗin magana sau biyu. Kande kuwa tana son makaranta kamar me. Da gawayi take rubuta sunanta a jikin rumbu.

Da hutun Ista ƙungiya ta ce za ta yi gadar kafin ruwa ya kankama. Hutun gajere ne, hadari kuma ya fara leƙowa ta gabas.

Shugabanmu Bulus ne, ɗan aji biyar. Dogo, farar riga, agogo a hannu, gashi an taje shi ya tashi sama. Kada ki fara lissafi, ba shi ne babanki ba. Babanki a lokacin yana Kauru, ban ma san Allah ya yi shi ba. Amma gaskiya ita ce ba don gada nake zuwa taron ba. Zuwa nake in zauna a bencin baya in riƙa kallon Bulus ta gefen ido, in sa masa sunan saurayin da ke cikin littafin da nake karantawa.

Ranar da aka raba aiki, littafin nan yana buɗe a cikin littafin waƙoƙina, na kai daidai wurin da yarinyar take kuka a bakin teku. Sai na ji an ce, "Rifkatu, za ki iya?"

Na ɗaga kai, Bulus ne yake kallona. Ni kaɗai. Ban san lokacin da na gyaɗa kai ba.

"Madalla," in ji shi, ya wuce ga wani.

Da aka tashi sai mataimakiyarsa ta tare ni a ƙofa. Asabe ke nan, 'yar aji uku, ƙasa da ni, gajeruwa, muryarta kamar ƙararrawar tasha.

"Ke 'yar mafarki, kin san abin da kika amsa kuwa?"

Na ce na sani.

"To mene ne?"

Na hau juya littafina a hannu.

"Kiran gayya! Maza su sare giginya, ke ki kira mutanen da za su ja ta zuwa rafi ran Asabar. Allah ya ba da sa'a, amaryar littafi."

Jummai, wannan ne kuskurena na farko. Kada ki gyaɗa kai ga abin da ba ki ji ba, ko wane ne ya tambaye ki, ko yaya idonsa yake. Cewa "ban ji ba, a sake faɗa" kunyarta ta ɗan lokaci ce, tana wucewa kafin ki zauna. Kuma idan za ki shiga taro, ki shiga da kunnenki duka biyu. Littafi zai jira ki.

Ke kin tashi a cikin gari, bari in gaya miki yadda ake kiran gayya a wurinmu. Ba a yin shela. Mai kira yakan bi gida-gida da ƙafarsa, ya yi gafara, a ba shi wurin zama, ya sha ruwa, a gaisa har kan kaji da awaki, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Wanda aka zo gidansa, dole ya fito ko ya aiko ɗansa. Wanda ba a zo gidansa ba, ko a kunnensa aka buga ganga, ba a kira shi ba. Na san wannan sarai. Na sha ganin mamata tana yi idan za a yi mana shuka.

Amma da na tuna zan shiga gidajen mutane ɗaya bayan ɗaya, dattawa suna kallona, ina buɗe baki, sai barci ya gagare ni. Na kwana ina juyi. Da safe dabara ta zo mini, har na ji daɗin kaina: ai ran Lahadi kowa yana coci. Me zai sa in sha rana? Na samu takarda mai kyau na rubuta sanarwa, na zuba mata kalmomi masu daɗi irin na littattafaina, har da "ya ku ƙaunatattu". Na miƙa wa sakataren coci ban ko kalli fuskarsa ba. Ya karanta ta tsakanin sanarwar baiko da ta wata akuya da ta ɓata. Jama'a suka gyaɗa kai. Na koma gida ina tafiya kamar ba a ƙasa ba, ina shirya abin da zan ce idan Bulus ya zo yi mini godiya.

Ran Asabar muka hallara a inda aka kā da giginyoyin, can bayan dutse. Guda uku ne, dogaye, baƙaƙe, samarinmu sun yi kwanaki suna sara har hannuwansu sun yi kanta. Muka jira. Rana ta ɗaga. Ba kowa sai mu 'yan makaranta da wani kare. Babu ganga, babu tukunyar kunu ko ɗaya. Muka gwada ja da kanmu, gungumen ko motsi bai yi ba.

Abin da ya fi ciwo, mutanen suna nan muna ganinsu. Kowa yana gonarsa yana sharar shuka. Masu wucewa har gaishe mu suke yi: "Sannunku da aiki, 'yan boko!" Ba da gatse ba, da zuciya ɗaya. Can nesa na hango wani mai jar hula yana ƙona kara. Babana ne.

Bulus ya matso kusa da ni. Yau ga shi ya zo, amma ba yadda na tsara ba.

"Rifkatu, gidaje nawa kika shiga?"

Da ƙyar na ce, "Na ba da sanarwa a coci."

Wani yaro ya fashe da dariya. Wata ta ce, "Kai! Hutu ya kusa ƙarewa fa!" Aka fara surutu, kowa da abin da yake faɗa, ni kuwa ina neman ƙasa ta buɗe. Sai Bulus ya ɗaga hannu.

"Ku dakata. Ni na ba ta aikin, ban zauna da ita na ji yadda za ta yi ba, ban kuma haɗa ta da kowa ba. Ran Lahadi ina cikin cocin, na ji sanarwar, na ɗauka ƙari ce a kan zagayen gida. Ban tambaya ba. Wanda yake da faɗa ya kawo mini."

Ba wanda ya kawo. Yaro ne fa, Jummai, gemu bai fito masa ba. Na yi shekaru ina aiki a ƙarƙashin manya masu furfura, kaɗan ne na ga sun iya abin da ya yi a ranar. A littattafaina jarumi shi ne wanda yake tsawa kowa ya yi tsit. A bayan dutsen nan na ga wani iri dabam: wanda yake tsayawa tsakanin mai laifi da bakin jama'a, ya ɗauki rabonsa na laifin, don aiki ya ci gaba. Daga ranar na daina sa masa sunan kowa. Na fara sauraron abin da yake faɗa. Idan kin ga irinsa a makarantarku, mace ko namiji, ko da ƙasa da ke yake, ki matsa kusa ki koya. Idan kuma wata rana ke ce a gaba, ki tuna wanda kika ba aiki bai daina zama nauyinki ba.

Asabe kam ba ta da wannan sanyin. Ta zo ta tsaya a gabana, hannu a ƙugu, tana ɗago kai don ta ga idona.

"Gobe bayan sujada ki sa takalmin da ba ya cizo. Ni da ke. Idan kika ɓuya a ɗaki, zan shigo in fito da ke da littafin naki duka."

Da yamma na samu Baba yana wanke ƙafa a bakin rumbu. Haushi ya ba ni ƙarfin hali.

"Baba, ba ka zo ba."

"Ina?"

"Gayyar gada. Don Kande ne fa."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Ai kana coci aka karanta!"

"A coci na ji," in ji shi, yana zuba ruwa a ɗaya ƙafar. "A gidana ban ji ba."

Na shiga ɗaki na yi kuka. Kande ta biyo ni ta zauna a bakin gado, ta tambaye ni ko awaki suna barin mutum ya yi karatu idan yana kiwonsu. Wannan tambaya ita ta sa na nemo takalmina tun kafin gari ya waye.

Ga na biyu ke nan. Hanyar da ta fi miki sauƙi ba lallai ita ce take kaiwa ga mutane ba. Na zaɓi takarda don ta ɓoye ni, na kuma gaya wa kaina wayewa ce. Duk lokacin da wata dabara ta zo miki wadda amfaninta na farko shi ne ba sai kin haɗa ido da kowa ba, ki sake duba ta.

Muka fara zagaye. A gidajen farko Asabe ce mai magana, ni ina bayanta kamar jela. Tana da baki, ba ta tsoron kowa, mutane suna dariya suna cewa za su zo. Har muka isa gidan Kaka Ladi. Ita ce babbar matan ƙauyen. Idan ba ta ce a ɗora tukunya ba, ba macen da za ta hura wuta don gayya, gayya kuwa ba ta yiwuwa da yunwa.

Muka same ta a gindin mangwaro tana tsince tsakuwa daga acca. Asabe ta gaishe ta a gurguje, tana tsaye, ta shiga zuba bayani: hutu zai ƙare, hadari ya taso, ana bukatar kunu tulu kaza. Kaka ba ta ɗago ba. Da Asabe ta ja numfashi sai tsohuwar ta ce, "Jirgi zai bar ku ne?"

"A'a, Kaka."

"Na ga kuna tsaye."

Ta juya mana gefe ta ci gaba da aikinta. Asabe ta buɗe baki za ta ƙara, ni kuwa sai na zauna a ƙasa. Ba hikima ba ce, tsoro ne. Hannuwana suka rasa abin yi, sai na jawo faifan na fara taya ta tsincewa. Asabe ta harare ni, ta gaji, ita ma ta zauna.

Muka daɗe muna tsincewa. Can Kaka ta fara ba da labarin gwiwarta. Daga gwiwa ta koma kan ɗanta da ya shiga soja, ya daɗe bai aiko da wasiƙa ba. Ni dai ina cewa "ayya" da "sannu", don su kaɗai na iya. Na tambaye ta sunansa. Ta faɗa, ta share ido da bakin zane. Sai da acca ta kusa ƙarewa ta dube ni.

"'Yar gidan Yohanna ce ko? Mai kunyan nan. To, me ya kawo ku?"

Na faɗa mata da yarenmu, murya can ƙasa, ba kalma mai daɗi ko ɗaya. Na ce ƙanwata za ta bar makaranta idan ba a yi gada ba, mun sare itace, ba mu iya ja, mun zo roƙo.

"Shi ke nan?" in ji ta. "Shi ne kuka rubuta a takarda kamar 'yan haraji? Ku tashi ku je. Kunu ba damuwanku ba ne."

Muka kama hanya ni da Asabe. Sai ta ja hannuna.

"Ke, koya mini."

"Me?"

"Wannan zaman naki. Ni idan na yi shiru ji nake kamar ƙwaro yana yawo a bakina."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Ita ce dariyata ta farko tun ran Asabar. Daga nan muka raba aiki ba tare da mun faɗa ba: gidan masu raha ita ce gaba, gidan tsofaffi da masu fushi ni ce. Ta koya mini ɗaga murya yadda za a ji ni daga ƙofa. Na koya mata ta bari mutum ya gama maganarsa.

Wannan nake so ki riƙe da kyau, Jummai, don nan ne na fi daɗewa cikin kuskure. Na ɗauka shugabanci na masu baki ne, mu masu kunya an yi mu ne don bencin baya. Ashe kowace ƙungiya tana da gidajen da mai baki ba ya iya shiga. Akwai mutanen da ba sa buɗe zuciya sai ga wanda ya iya zama. Ke kin iya zama. Na gan ki da kakarki lokacin ciwonta. Kada ki raina wannan, kada kuma ki hana wa mutane shi.

Kuskure na uku ban ma san na yi shi ba sai da muka fito bakin kasuwa, na juya zan nufi gida. Asabe ta ce, "Ina za ki? Unguwar kasuwa fa?"

Nan Hausawa Musulmi suke, tun zamanin da aka shimfiɗa hanyar jirgi kakanninsu suka zauna. A wurinsu muke sayen kananzir da gishiri, su suke sayen cittarmu. 'Ya'yansu rafin nan suke tsallakawa, aji ɗaya da Kande. Amma da na ce a zuciyata "kowa yana coci", ban ko tuna da su ba. Ba ƙiyayya ba ce. Idona ne bai kai can ba, wannan kuwa bai fi ƙiyayya kyau sosai ba.

Muka je wurin Malam Idi, mai babban shago. Yana zaune a kan buzu a zaurensa. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya sa aka kawo mana ruwa a kwanon sha. Asabe ta taɓa ni da gwiwar hannu, wato ni zan yi.

Da na gama sai ya yi murmushi. "'Yan mata, ai ni kullum ina hango samarinku suna sara. Na ce wa yarana, ku bari, idan suna so za su faɗa. Har na fara cewa ko gadar ta 'yan coci ce kaɗai."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "A gafarce mu, Malam."

"Ba komai, 'yata. Wanda ya zo ai ya gama biya. Sai dai kada ku sa ran Juma'a."

"Mu ma ba ma son Lahadi," in ji Asabe.

"To, ran kasuwa kuma ni da ku duka ba ma so."

Aka yi dariya, aka tsayar da Laraba. Ya ce zai ba da igiyoyin da ake ɗaure kaya a lori, zai zo da samarin unguwa. Ya tura mu cikin gida, matarsa ta cika mana ƙwarya da tsamiya ta ce a kai wa Kaka Ladi.

Duk inda kika samu kanki a cikin shiri, ki tsaya ki tambaya: wa ba ya cikin ɗakin nan, alhali abin ya shafe shi? Sau da yawa ba fushi yake yi ba. Jira yake a zo.

Rana ta yi sanyi, ƙafafuna sun kumbura, na ce mun gama. Asabe ta ce, "Saura gida ɗaya."

"Wanne?"

"Na Baba Yohanna."

"Gidanmu? Ai ya sani!"

"Ran Asabar ma ya sani."

Ta raka ni har ƙofa, ta ce wannan kam ba za ta shiga ba. Na tsaya a ƙofar gidan da aka haife ni. Na ce, "Gafara dai!"

Baba yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Maraba da baƙuwa. Kande, kawo kujera. Kawo ruwa."

Kande ta kawo tana danne dariya. Mama ta leƙo daga madafa, ta koma da sauri, ina jin tana tari na ƙarya. Na zauna, na sha ruwa.

"Yaya hanya?" in ji Baba.

"Lafiya."

"Yaya mutanen gidanku? Babanki yana nan ƙalau?"

"Yana nan ƙalau."

"Madalla. Na ji an ce mutum ne mai taurin kai."

"Haka ake faɗa," na ce, ban san daga ina ta fito ba. Gefen bakinsa ya motsa, ya maida shi.

"To, me ke tafe da ke?"

Na ce ƙungiyar ɗalibai tana kiran gayya ran Laraba, za a ja giginya zuwa rafi.

"Ƙungiya," in ji shi. "Ban san gidanta ba. Idan na tashi tawa gayyar, wace ƙofa zan je in yi gafara? Wa yake kirana?"

Na dubi Kande. Ta daina dariya, ta ƙura mini ido.

"Ni ce, Baba. Ni nake kiranka."

Ya ajiye fartanyar. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ban taɓa samu daga wurinsa ba.

"To," ya ce. "Zan zo."

Ran Laraba tun da sassafe ganga ta tashi. Ban taɓa ganin jama'a haka a bayan dutsen nan ba. Wani tsoho ya leƙa tulunan ya ce, "Gayya babu burkutu? Wannan gayya ce ko jana'iza?" Asabe ta ce, "Baba, sha kunu ka ga hanya, rafi za mu!" Aka kwashe da dariya, ya sha kwano biyu. Aka ɗaura igiyoyin Malam Idi, aka jera gajerun itatuwa a ƙarƙashin gungumen don ya gangara. Mai ganga ya ba da amo, dattawan coci da samarin kasuwa a igiya ɗaya, Bulus a tsakiyarsu farar rigarsa ta koma ja. Mata suna guɗa. Abin da ya ƙi motsi ran Asabar sai ga shi yana tafiya.

Kafin la'asar duka ukun sun kwanta daga gaɓa zuwa gaɓa a kan duwatsun da aka jera. Aka gicciya itatuwa, aka ɗaure, aka zuba ƙasa aka daddaɓe. Iska ta fara kaɗawa da ƙanshin ruwa. Jama'a suka ja baya, ba wanda ya hau, kowa ya san maganar da Baba ya yanke.

Ya taka a hankali har tsakiya. Ya buga ƙafa. Ya sake bugawa. Sai dattijon nan, da jar hularsa, ya yi tsalle sama ya diro da ƙarfinsa duka. Gada ba ta ce komai ba. Ya juyo ya nemi Kande a cikin yara.

"Ke! Zo ki wuce in gani."

Ta wuce da gudu, ta dawo, ta sake wucewa. Da aka koma makaranta tana cikin 'yan gaba.

Shekarar da ta biyo baya ni aka ba mataimakiyar shugaba, Asabe ce shugaba. Da aka tashi kiran gayyar gyaran rufin aji, na zaɓi yarinyar da ta fi kowa ɓuya a bencin baya. Amma ban bar ta ita kaɗai ba, na bi ta gida-gida ina bayanta, sai da ta daina waiwayena.

Ban ce lallai ki zama shugaba ba, 'yata. Karatu ne ya kai ki, shi ne gaba. Na ce dai idan 'yan'uwanki ɗalibai sun kira taro, ki je. Ki kalli yadda na gaba suke yi, ki ɗauki mai kyau, ki bar marar kyau. Ki nemi ƙawa wadda halinta ba irin naki ba ne, ko da za ta riƙa ba ki haushi. Idan aiki ya faɗo a kanki, ki yi shi da ƙafarki da fuskarki. Ranar da aka tambaya wa yake kira, kada ki ɓuya a bayan sunan ƙungiya. Muryarki za ta yi rawa, tawa ma ta yi, har yau takan yi. Ana jin mai rawar murya.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Kada ki yi tafiyar dare. Ki gaida duk wanda ya girme ki, har masu shara da masu gadi. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya kiyaye ki daga mugun abokai da ciwo da haɗarin hanya. Ya ba ki kunnen ji da ƙarfin zuciya, ya buɗe miki ƙofofin da za ki tsaya a gabansu, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ni ce mamarki mai ƙaunarki,
Rifkatu